Wasiƙa Zuwa ga Edita: Shin Maƙeri Ba Shi da Wurin Aiki Ne?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan wata kalma da da wuya a buga fitowa guda ba ta bayyana a cikinta ba, wato ma'aikata, tare da 'yan'uwanta irin su ofis da wurin aiki. Na yi shekaru masu yawa ina koyar da Hausa a makarantun sakandare kafin in yi ritaya, kuma wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, amma wani ɗan abu da ya faru a unguwarmu kwanan baya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Wani maƙwabcina, dattijo maƙeri wanda ya gaji ƙira iyaye da kakanni, ya kawo mini takardar buɗe asusun banki in taimaka masa ya cike, saboda da Turanci aka rubuta ta. Muna cikin cikewa ina fassara masa, sai muka iso inda ake tambayar inda mutum yake aiki. Na ce masa, “Malam, ina ne wurin aikinka?” Sai ya yi dariya ya ce, “Haba Malam, ai ka san ni ba aiki nake yi ba, ƙira nake yi.” Wannan mutumin da zarar an idar da sallar asuba yake hura wuta, ya wuni tsakanin zugazugi da uwar maƙera yana dukan ƙarfe da masaba, kuma fartanya da garma da lauje da suka fito daga hannunsa sai Allah kaɗai ya san adadinsu. Da wannan guduma ya ciyar da iyalinsa, da ita ya biya kuɗin karatun 'ya'yansa, har biyu daga cikinsu suka sami aikin albashi. Su ne yau ake kira ma'aikata a gidan, shi kuwa a bakinsa da bakin unguwa ba ya aiki. Na tabbata babu mai karatun da bai taɓa jin irin wannan amsa ba daga bakin tela ko mahauci ko manomi.

Abin mamaki shi ne, Hausa tana cikin harsunan da suka wadata ƙwarai wajen raɗa wa wurin aiki suna. Muna da ƙa'ida mai sauƙi wadda kowane yaro yake amfani da ita tun bai san sunanta ba: a ɗauki aikatau, a liƙa masa ɗafa-goshin ma- a farko, a ƙare da wasalin a ko i, sai ga sunan wurin da ake yin abin. Daga ƙera aka sami maƙera, daga rina aka sami marina, daga saƙa aka sami masaƙa. Inda ake jeme fata da bagaruwa shi ne majema, inda ake buga shuɗaɗɗen yadi har ya yi ƙyalli shi ne mabuga, inda ake yanka dabba mayanka, inda ake karatu makaranta. Larabci ma yana da irin wannan ma- ɗin a kalmomi kamar maktab da madrasa da masjid, kuma masana harshe suna lissafa shi cikin alamomin tsohuwar dangantakar da ke tsakanin harsunan biyu, shi ya sa kalmomin aro irin su majalisa da maɗaba'a suka zauna a bakinmu daram kamar a nan aka haife su. Ƙa'idar ba ta mutu ba. Da zamani ya kawo wurin tace ɗanyen mai, ba a sha wahala ba aka ce matata, kuma da wannan suna ake kiran ta Kaduna da aka buɗe a 1980 da ta Damagaram da ta fara aiki a 2011. Haka aka ɗauki tsohuwar masaƙa aka ɗora wa manyan kamfanonin yadi na Kakuri, tun daga na farkonsu da ya fara aiki a Kaduna a 1957, duk da cewa babu abin da ya haɗa injinansu da ƙoshiyar masaƙin gargajiya sai zare.

Duk wanda ya zaga tsofaffin biranenmu zai ga cewa waɗannan sunaye sun zama sunayen unguwanni. Akwai Marina da Maƙera Assada a Sakkwato, akwai Maƙera a Kaduna, akwai Soron Ɗinki da Dukawa a cikin birnin Kano, ga kuma marinar Ƙofar Mata wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye ba su taɓa shakkar cewa suna da wurin aiki ba, har ma da wurin aikin ake sanin inda gidan mutum yake.

To, a kan wannan ƙa'ida aka gina ma'aikata. Daga aiki aka sami aikata, daga aikata aka sami ma'aikata, wato wurin da ake aikata aiki, kowane iri ne. Idan aka bi asalin ginin kalmar, ita ce uwa, maƙera da marina da majema kuwa 'ya'yanta ne, domin kowace ɗaya daga cikinsu ma'aikata ce ta wata sana'a. Amma a yau idan ka tsayar da mutum goma a kan titi ka ce su faɗi abin da ya fara zuwa zukatansu da jin kalmar, ina kyautata zaton mafi yawansu za su ce Ma'aikatar Ilimi ko Ma'aikatar Lafiya ko Ma'aikatar Ayyuka, wato dogon gini mai hawa-hawa irin na Sakatariyar Audu Baƙo, inda akwai kwamishina da babban sakatare da tarin fayil. A fahimtata, hanyar da aka bi aka zo nan ba ɓoyayyiya ba ce. Zuwan Turawa ya kawo wani sabon nau'in aiki, wanda ake shiga da ƙarfe kaza a tashi da ƙarfe kaza, a karɓi albashi a ƙarshen wata, ya kuma kawo akawu da masinja da lebura. Aka sami aikin Bature, aka sami aikin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, wanda ya ci gaba har zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Da aka fara naɗa ministoci a farkon shekarun 1950, har Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, sai ya zama dole masu fassara da 'yan jarida da gidajen rediyo su sami sunan da za su riƙa kiran sashen gwamnatin da ke ƙarƙashin kowane minista, kuma ma'aikata ce ta zauna a wannan gurbi. Zaɓin bai yi laifi ba, ya ma fi a ce an ari kalmar Turanci an murguɗa ta. Sai dai kalmar da ake ji kullum a labarun safe da na yamma da ma'ana guda, sannu a hankali takan manta da sauran ma'anoninta. Da ma'aikata ta koma gidan gwamnati, sai ta ja ma'aikaci ya bi ta, shi kuma ya ja aiki, har muka wayi gari ana raba mutane gida biyu, masu aiki da masu sana'a, ana kuma ce wa saurayin da ke da shagon walda da yara huɗu a ƙarƙashinsa wai har yanzu bai sami aiki ba.

Akwai wata matsala ta biyu wadda ta fi shafar ku masu rubutu kai tsaye. Kalmar ma'aikata a rubuce kalma biyu ce. Akwai ma'aikata ta wuri, wadda ake furtawa da karin sautin sama tun daga gaɓar farko har ta ƙarshe, jam'inta kuma ma'aikatu. Akwai kuma ma'aikata jam'in ma'aikaci, inda murya take farawa a sama, ta sauka a gaɓoɓi biyu na tsakiya, sannan ta sake hawa a ta ƙarshe. Kunne ba ya rikita su, amma da yake rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ido ba shi da abin da zai kama. Haka abin yake ga maƙera da marina da majema da masaƙa, kowace tana iya zama wurin, tana iya zama mutanen. A cikin cikakkiyar jimla abin yakan warware da kansa, domin ma'aikata ta yi kaza daban take da ma'aikata sun yi kaza. A kanun labari ne ake shiga uku, inda ake tsuke magana saboda ƙarancin fili. A ce mai karatu ya ga an rubuta da manyan baƙaƙe, “An rufe ma'aikata a Bompai.” Kamfani aka garƙame, ko mutane aka kulle? Ko kuma a ce, “Gobara ta cinye ma'aikata a Sharaɗa,” wanda matar da mijinta yake aiki a can za ta karanta gabanta ya yanke ya faɗi, alhali wataƙila gini ne ya ƙone ba a rasa rai ko ɗaya ba. Maganin wannan bai fi kalma ɗaya ba: a ce wata ma'aikata ko wasu ma'aikata, ko kuwa a ce masana'anta idan wurin ƙere-ƙere ake nufi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda matasan marubuta da yawa suka daina bambanta -r da -n a wurin mallaka. Na san cewa a wasu karuruwan harshe, kamar na Bauchi da na wasu sassan Zazzau, da kuma Hausar mazauna zango a ƙasashe irin su Gana, ba a cika damuwa da jinsi a wannan wuri ba, kuma ban ga laifin mutum ya yi magana da karin garinsu ba. Amma a daidaitacciyar Hausa ta rubutu, ma'aikatar lafiya hukuma ce, ma'aikatan lafiya kuwa likitoci ne da malaman jinya da unguwarzoma. Wanda ya rubuta cewa gwamna ya rushe ma'aikatan lafiya, ko ya ƙara wa ma'aikatar lafiya albashi, ya faɗi abin da bai yi niyya ba, kuma harafi ɗaya ne ya jawo masa.

Sai kuma ofis, wanda muka ara daga Turanci muka kuma yi masa kaciya irin tamu, domin s takan koma sh a gaban i, shi ya sa ake cewa ofishin gwamna, jam'i kuma ofisoshi. Ba ni da wata rigima da wannan kalma, ta zama tamu kamar yadda tasha da asibiti da kotu da kanti suka zama namu. Abin da nake so a lura da shi kawai shi ne, ofis ɗaki ne mai tebur da kujera inda ake aikin takarda, daga nan kuma ya ɗauki ma'anar muƙami, kamar a ce wane ya shiga ofis ko ya bar ofis. Ba kowane mai albashi ne yake da ofis ba. Malamin firamare yana da aji, direba yana da mota, ma'aikaciyar jinya tana da ɗakin marasa lafiya, mai gadi yana da bakin ƙofa. Duk da haka sai ka ji an aika yaro ya ce babansa ya tafi ofis, alhali uban leburan gini ne, saboda kalmar ta zama rigar ado da ake yafa wa aiki don ya yi kwarjini. A ƙetaren iyaka kuwa, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa biro suke cewa, daga Faransanci, abin da kan sa Bakano ya yi sororo idan aka ce masa mutumin da yake nema yana cikin biro, tun da a wurinsa biro abin rubutu ne, wanda su kuma can suke kira bik. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba mu a kan kalmar aro, amma da za ka ce maƙera ko majema ko gona, babu wanda zai nemi tafinta tsakanin Katsina da Maraɗi.

Hausar yau da kullum tana da wasu hanyoyin da ba a cika kula da su ba. Akwai gida, wanda muke jingina wa abin da ake yi a wurin: gidan waya, gidan rediyo, gidan mai, gidan burodi, gidan jarida irin naku. Akwai 'yan, wanda yake mai da sunan masu sana'a ya zama sunan wurinsu, kamar 'Yan Katako da 'Yan Lemo da 'Yan Kaba a Kano. Ɗan kasuwa yana da rumfa ko shago, makanike yana da gareji, mai shayi yana da tebur, yarinya kuma idan aka aike ta kai niƙa sai a ce ta tafi inji, na'urar ta ba wurin sunanta. Akwai kuma wadda na fi so duka, wato bakin aiki, kamar a ce wane yana bakin aikinsa, ko malamai sun koma bakin aiki bayan yajin aiki. Wannan magana ba ta tambayar ko akwai gini ko babu, ba ta tambayar wa yake biya, tana nuna mutum ne a tsaye a gaban abin da ya sa a gaba, kamar yadda ake tsayawa a bakin rijiya ko bakin kogi. Manomi a gonarsa yana bakin aiki, alƙali a kotu ma haka.

Wani zai ce duk wannan gardamar malaman Hausa ce da ba ta ƙara wa miya gishiri. Ga dalilin da ya sa ban yarda ba. Kowace shekara ranar 28 ga Afrilu, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana tunawa da kiyaye lafiya da kare rai a wurin aiki, kuma kafofin labarai na Hausa sukan kawo rahoto a kai. Idan aka fassara saƙon da cewa a kula da lafiyar ma'aikata a ma'aikatu da ofisoshi, wa zai ji cewa da shi ake? Mai walda da yake kallon tartsatsi da tabarau na kwalliya ba zai ji ba, haka mai injin niƙa da yake shaƙar ƙurar gari daga safe har dare, da mai fesa maganin ƙwari a gona ba safar hannu ba takunkumi, da masu haƙar zinariya irin waɗanda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan 'ya'yansu a ƙauyukan Zamfara a 2010, saboda a cikin gidajen kwanansu ake daka duwatsun. A wannan masifa gida ne ya zama wurin aiki, kuma babu wanda ya kira shi da wannan suna sai da aka fara binne yara. Mai zama a ofis ƙarƙashin fanka shi ne ya fi kowa nisa da haɗari, kuma shi ne kaɗai kalmarmu take nunawa da yatsa.

Ita kanta doka ta fi harshenmu na jarida faɗi a wannan wuri. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta Nijeriya ta 2010, da ta zo bayanin wane ne ma'aikaci, ta haɗa da wanda aka ɗauka da yarjejeniyar baka, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da mai aikin gida wanda ba ɗan gidan ba ne. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019 domin hana cin zarafi da tsangwama a fagen aiki, Nijeriya kuma ta rattaba hannu a kanta a 2022, ta shafi masu aikin da ba na hukuma ba, ta kuma lissafa har hanyar zuwa aiki da dawowa. Yaron shago a Kantin Kwari da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye suna cikin waɗanda aka yi waɗannan rubuce-rubuce dominsu, amma muddin ma'aikaci a kunnensu yana nufin mai jiran albashin gwamnati, ba za su taɓa tunanin su tambaya ba. Ko Ranar Ma'aikata ta 1 ga Mayu, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta fara ba da hutunta a Kano a 1980 kafin ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1981, a yau ɗan dako a Dawanau yana ganinta ne a matsayin ranar da masu ofis suke hutawa.

Ban manta da mata ba, domin su wannan ƙuntatawa ta fi shafa. A cikin gidajenmu ake soya ƙuli-ƙuli a matse man gyaɗa, a nan ake dama fura, a nan ake ɗinkin hula da saƙa da kitso da surfe, kuma kuɗin da ke fitowa daga tsakar gida shi yake yi wa 'ya'ya mata da yawa kayan ɗaki. Amma idan mai ƙidaya ko jami'in wata hukuma ya tambayi maigida aikin matarsa, amsar da aka saba ji ita ce ba ta aikin komai, tana gida. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe ofisoshi, sai muka riƙa jin aiki daga gida a rediyo kamar wani sabon abu da aka ƙirƙiro a Turai, alhali kakanninmu mata a haka suka rayu suka mutu.

Saboda haka, ya Edita, roƙona gare ka da masu tace labarai a jaridarka bai da yawa. Ba na neman a ƙwace ma'aikata daga hannun gwamnati, wannan bakin alƙalami ya riga ya bushe, kuma Ma'aikatar Ilimi za ta ci gaba da amsa sunanta. Ina dai roƙon idan labari ya shafi duk inda ɗan Adam yake neman abincinsa, a yi amfani da wurin aiki ko wurin sana'a, a kuma ɗan ambaci gona da kasuwa da gareji a cikin jimlar domin mai karatu ya san har da shi. Idan wurin yana da sunansa na gado, a kira shi da shi, kada a ce ma'aikatar sarrafa fata alhali ga majema, ko cibiyar rina tufafi alhali ga marina da karofi. A bar ofis ga ɗakin da yake ofis. A kanun labari kuma a riƙa sa wata ko wasu a gaban ma'aikata, sannan mai duba rubutu ya sa ido a kan -r da -n kafin a kai maɗaba'a.

Game da maƙwabcina kuwa, bayan mun ɗan yi ja-in-ja ya yarda na rubuta masa Maƙera a gurbin, na ƙara da sunan unguwarmu da kwatancen bayan masallaci. Da ya dawo daga bankin ya ce mini yarinyar da ta karɓi takardar ta duba ta tambaye shi ko Maƙera sunan kamfanin ne, ya ce mata e, kuma shi ne manaja.

Wassalam. Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani tsohon malamin Hausa,
Kano.